Masara da Sanyin Hunturu: Abin da Maganin Iri Yake Iyawa

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad cikin watan Janairu ya san cewa hamada, wadda aka fi sani da zafi, tana da sanyin da ke ratsa ƙashi. Kuma irin wannan sanyi, ɗan'uwan hunturun da ke sauka a Kadawa ta ƙasar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, shi ne babban abokin gabar masara a kwanakinta na farko, domin ma'abota ilmin gona sun tabbatar da cewa ba ta tsirowa idan ɗumin ƙasa ya gaza digiri 10.

Sai dai a haƙiƙa ba kasafai sanyi ke kashe ƙwaya da kansa ba, jinkirta ta yake yi. Ƙwayar da ya kamata ta huda ƙasa cikin kwana huɗu ko biyar, idan ta kwanta mako biyu a danshi ta kumbura, to ta zama ganima ga gara da tsutsa da fumfuna, har manomi ya ga giɓi a kunya ya ɗora wa mai sayar da iri laifi, alhali sababin yana wani wuri dabam. Nan fa'idar cuɗa iri da magani take. Garin Apron Star, wanda ake samu a kasuwanninmu cikin ƙunshin giram 10 da ke isar kilo 4 na iri, ya haɗa maganin ƙwari ɗaya da na fumfuna biyu; ba ya ɗumama ƙasa ko kaɗan, amma yana tsare ƙwaya har rana ta yi nata aikin.

Akwai kuma wata hikima da ba ta cin ko anini, wadda masu bincike na Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka jarraba tare da manoman Indiya da Zimbabuwe cikin shekarun 1990: a jiƙa iri kwana guda, a shanya a inuwa har bayansa ya sha iska, sannan a shuka a ranar cikin ƙasa mai laima. Wanda ya bar shi ya yi tsiro a kwano, lalle ya yi asara.

Wajibi ne a faɗi illar maganin iri kamar yadda aka faɗi amfaninsa. A ƙasar Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, mutane suka niƙa alkamar shuka da aka cuɗa da guba suka yi burodi, aka ƙidaya mamata 459 a asibitoci kaɗai. Saboda haka mai cuɗa iri ya rufe hannu da hanci, ya keɓe wa aikin mazubinsa, ragowar irin kuwa kada ta kusanci tukunya ko akurki. Wanda ke neman irin da ya dace da ƙasarsa ya tambayi malamin gona game da nau'o'in SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tun kafin sanyi ya sauka.