San Antonio Spurs a kakar 2025/26: yara uku, ƙwallo ɗaya

Yau zancen ƙwallon kwando za mu yi, kuma ƙungiya ɗaya na ɗauko, wato San Antonio Spurs ta jihar Texas a Amurka, da abin da nake hango mata a kakar NBA ta 2025/26.

Bari in fara da inda aka kwana. Spurs ta ɗauki kofi sau 5, a 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014. Daga 1998 zuwa 2019, shekara 22 a jere tana shiga zagayen neman kofi. Daga nan har zuwa 2025 ba ta sake leƙa wajen ba. Wasa 82 ake bugawa a kaka guda. A 2022/23 ta ci 22, kakar da ta biyo baya ma 22, a 2024/25 kuma 34. An samu ci gaba, amma ku duba rukunin Yamma inda take. A 2024/25 Minnesota da ta zo ta shida, gurbi na ƙarshe da ke wucewa kai tsaye, wasa 49 ta ci. Kenan ana maganar ƙarin nasara 15. Ba ƙaramin aiki ba ne.

To me ya sa ake ta zancenta? Saboda yaran da ta tara. A NBA ba a sayo matashi da kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa. Duk shekara ana zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma ƙungiyoyin da ba su kai zagayen neman kofi ba ake jefa wa ƙuri'a don a ga wa zai fara zaɓa. Ta wannan hanyar Spurs ta ɗauki Victor Wembanyama ɗan Faransa a lamba 1 a 2023, Stephon Castle a lamba 4 a 2024, sai Dylan Harper a lamba 2 a 2025. Wembanyama da Castle kowa ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a shekararsa ta farko.

Wembanyama shi ne ginshiƙin gidan. Tsawonsa ya haura mita 2.2, amma yana tafiya da ƙwallo yana jifa daga nesa. A 2024/25, a kowane wasa yana cin maki 24, yana kamo ƙwallo 11 daga kwando, yana kaɗe jifa kusan 4. Sai dai wasa 46 kawai ya buga, domin a watan Fabrairun 2025 likitoci sun gano gudan jini a jijiyar kafaɗarsa ta dama, aka dakatar da shi. An sallame shi ya dawo atisaye, har ya je ya yi horo da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci wa Houston kofi biyu. Lafiyarsa ita ce sharaɗi na farko. In babu ita, sauran lissafin duk ya rushe.

Yanzu ga asalin abin da ya sa na kawo zancen. A Fabrairun 2025 Spurs ta karɓo De'Aaron Fox daga Sacramento, ta kuma sabunta masa kwantiragi na shekara 4. Fox, Castle da Harper, duk ukun 'yan raba ƙwallo ne, kowa ya saba ƙwallo na hannunsa. Ku yi lissafi da ni. Wasa minti 48 ne, gurbin 'yan raba ƙwallo biyu ne, kenan minti 96. In Fox ya ɗauki 35, saura 61, ga kuma Devin Vassell yana jiran nasa kaso. Yaro kuwa ba ya girma a benci. Dole a bar shi ya yi kuskure a fili, ya jefar da ƙwallo, ya koya. Amma kowane kuskure na iya zama wasan da aka rasa, ga shi ana neman ƙarin 15. Ka ga an shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki.

Abu na biyu shi ne jifa mai maki uku. Matsakaicin NBA wajen kashi 36 cikin 100 ne, Castle kuwa a 2024/25 bai kai 30 ba. Me hakan ke jawowa? In abokan karawa ba sa tsoron jifanka, mai tsaronka zai bar ka ya koma ƙarƙashin kwando, su yi wa Wembanyama taron dangi. Wato raunin mutum ɗaya ya toshe wa kowa hanya. Amma jifa ana koyonsa, kuma gidan nan yana da tarihi a kai. Kawhi Leonard ya zo a lamba 15 a 2011 ana cewa bai iya jifa ba, mai koyar da jifa Chip Engelland ya gyara masa hannu, a 2014 ya zama gwarzon wasan ƙarshe. Dejounte Murray da Derrick White, kowanne a lamba 29 aka ɗauke shi, duk sun yi zama a Austin Spurs, ƙaramar ƙungiyar da ake tura matasa su samu mintuna.

Sai dai masu renon sun sauya. Engelland ya koma Oklahoma City a 2022. Gregg Popovich, wanda ya horar da ƙungiyar tun daga 1996 kuma ya fi kowane koci yawan nasara a tarihin NBA, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki marar tsanani a Nuwamban 2024, a watan Mayun 2025 ya bar benci ya koma shugabancin sashen wasanni. Mitch Johnson ne koci yanzu, shi ma daga Austin ya taso. Popovich yana iya zaunar da tauraro ba wanda zai ce uffan, saboda kofi biyar na bayansa. Johnson ba shi da wannan garkuwar tukuna, kuma sabon koci da ke jin matsi yakan jingina da manya ya rage wa yara mintuna.

Hasashena shi ne, in Wembanyama ya buga wasa 65 ko fiye, Spurs za ta ci tsakanin 44 zuwa 48, ta shiga wasannin share fage na masu matsayi 7 zuwa 10. Amma ni ba teburi kawai zan riƙa kallo ba. Zan duba mintuna nawa Harper ke samu a watan Janairu, ko jifan Castle ya kusanci kashi 35, da kuma wa ake miƙa wa ƙwallo a minti biyun ƙarshe in maki ya yi kankankan. In aka ci wasa 45 yaran suna zaune, an ci bana an rasa baɗi.

Ku rubuto mana a ƙasa, in kai ne Johnson, wa za ka fara da shi kusa da Fox, Castle ko Harper?