Littafin Sana'a da Hausa: Wa Zai Buga?

A kasuwar Makarfi ko bakin titin Hunƙuyi, ba ka rasa matashi zaune a rumfar gyaran waya, dalma na hayaƙi, mita a gefe, ya ƙura wa hanjin wayar ido. Abin da ya iya, a wurin maigidansa ya gani, sauran kuma daga bidiyon YouTube na wani Ba'indiye. Littafin sana'ar da harshensa kuwa, sai an tona.

A Amurka akwai kamfanonin ɗab'i masu cin gashin kansu da suka ƙware a buga irin wannan littafi. Tim O'Reilly ya kafa nasa a 1978, da farko yana rubuta wa kamfanonin kwamfuta littattafan bayanin kayansu, daga baya ya koma buga nasa, masu zanen dabbobi a bango. No Starch Press ya biyo baya a 1994. Dabararsu ita ce su nemo mai aikin da hannunsa, su haɗa shi da edita mai naci, har maganarsa ta zama wadda ɗan koyo zai bi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A Zariya aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kamfanin ɗab'i na NNPC kuma a 1966. Abubakar Imam da Dokta East sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyya da Hausa, kuma cibiyar NAERLS ta Samaru ta daɗe tana buga wa manoma ƙasidu da Hausa. Masu cewa harshen ba zai ɗauki fasaha ba, hutu kawai suke nema.

Matsalar tana wajen ciniki. Manyan kamfanoni sun fi son littafin da ke cikin manhajar makaranta, don kasuwarsa tabbatacciya ce. Littafin kwamfuta kuwa saurin tsufa gare shi: kafin a sayar da bugun farko, wayar da aka yi bayani a kanta ta zama tsohon yayi. Shi ya sa aikin ya fi dacewa da ƙaramin mai ɗab'i, mai buga kaɗan a farashin da ɗan koyo zai iya biya, ya sabunta a kai a kai. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun bi wannan hanya tun shekarun 1980, da kuɗin aljihunsu, kuma littattafansu sun kai har ƙauyukan Ikara da Kudan.