Zaɓen aikatau mai rai a siffantawa da Ingilishi

A shekara ta 1958 masana harshe biyu, Vinay da Darbelnet, suka fito da littafinsu na kwatanta salon Faransanci da na Ingilishi. A ciki sun nuna cewa harsunan nan biyu sun saɓa wajen rabon aiki cikin jimla. Faransanci yakan ɗora wa aikatau inda aka nufa, yadda aka yi tafiyar kuma ya biyo baya: il traversa la route en boitant. Hausa ma haka take yi: ya ƙetare hanya yana ɗingishi. Ingilishi kuwa cikin aikatau yake zuba yanayin tafiyar, ya bar wa ƴar kalma nuna wajen: he limped across the road.

Don haka ne Ingilishi ya wadata da aikatau na motsi. Stride taku ne mai faɗi, trudge jan ƙafar gajiyayye, stagger tangaɗi, creep sanɗa.

Ɗalibin da ya fara da Faransanci yakan kama enter da descend, domin sun yi kama da abin da ya sani. Kalmomi ne da suka shigo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Nahawunsu daidai ne, amma labari sai ya fito salam, kamar rahoton ofis.

Bahaushe yana da amsa-kama: ya tashi zumbur. Ingilishi yakan biya wannan bukata da aikatau guda, he sprang up. Sai dai a ajiye irin wannan aikatau don inda labari ya yi zafi, gama in ya cika kowace jimla, ƙarfinsa yakan dushe.