Takardar Haihuwa Da Neman Asali: Nasiha Ga Mutanen Karofi Da Maƙwabtansu

Maganarmu ta yau a kan sanin nasaba ce, da yadda mutum zai nemi takardun hukuma su taimake shi ga wannan sha'ani, da kuma iyakar abin da takardun nan za su iya shaidawa.

Malamai sun sani sanin nasaba ba alfahari ba ne, gama hukunce-hukunce da yawa suna rataye gare shi. Ba a raba gado sai an san magada. Ba a ɗaura aure sai an san waliyyi, an kuma tabbata babu muharramaka ta jini ko ta nono. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya kafa diwani ya sa an rubuta mutane bisa ga kabilunsu da danginsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu gare su, da yawansu danginsa ne. Ashe rubuta asali ba baƙon abu ba ne gare mu.

To, ina ake neman takardun nan? Tun dokar 1992 rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya tana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Tana da ofis a Katsina, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi da waɗansu asibitoci. Doka ta ce a rubuta jariri cikin kwana 60 da haihuwarsa. Takardar da ake bayarwa tana ɗauke da sunan yaro, da ranar haihuwa, da garin da aka haife shi, da sunan uba da na uwa. A 2023 aka ƙaddamar da yin rajistar ta kwamfuta. Wanda ya kai shekara 18 ba a rubuta shi ba, sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, sa'an nan hukumar ta ba shi wata takarda ta tabbatarwa.

A nan ne ya kamata mai bincike ya buɗe ido. Takardun nan biyu ba darajarsu ɗaya ba. Wadda aka rubuta jariri yana cikin tsumma kamar shaidar wanda ya gani da idonsa ce. Wadda aka yi wa dattijo bisa rantsuwarsa kuwa, abin da ya faɗa shi aka rubuta, hatimi bai ƙara mata sani ba. Mutane da yawa sun zaɓi 1 ga Janairu don sauƙi kawai, waɗansu sun rage shekaru saboda makaranta ko aikin gwamnati. Masu karatun Hadisi sun san ba a karɓar ruwaya sai an dubi wanda ya ruwaito ta. Haka za a yi wa takarda: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, don me ya faɗa?

Abu na biyu, kada mutum ya sa rai zai je ofis ya ce a ba shi takardar haihuwar kakansa. A Ingila an fara rajista tun 1837, shi ya sa Bature yake aikawa da kuɗi a kwafo masa takardar kakan kakansa. Mu a ƙauyukanmu akasarin waɗanda aka haifa kafin mulkin kai na 1960 ba wanda ya rubuta ranar haihuwarsu a littafin hukuma, abin da ba a rubuta ba kuwa ba a kwafo shi. Duk wanda ya ce kawo kuɗi in samo maka takardar kakanka da aka haifa zamanin Sarki Dikko, to, ƙirƙira zai yi maka.

Amma ba a rasa wajen dubawa ba. Na farko, fadar hakimi da ƙofar dagaci. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuwa Maraɗin Katsina. Zamanin En'e malaman haraji sukan rubuta magidanta unguwa unguwa, a kuma ƙidaya shanu don jangali, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, gama ba a yanke Jihar Katsina ba sai 1987. Tsohon rasit na haraji da ke cikin adaka yana nuna cewa wane yana raye, ya isa biya, yana zaune gari kaza a shekara kaza. Na biyu, kotun alƙali, inda ake rubuta rabon gado da shari'ar gona da mutuwar aure. Takardar rabon gado ta fi kowace amfani ga mai neman nasaba, domin tana jera matan mamaci da 'ya'yansa maza da mata. Na uku, gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Katsina suke, har da rahotannin da joji-joji suka rubuta a kan gundumomi, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. A can an fi samun labarin gidajen sarauta da kafuwar garuruwa, talaka kuwa sai in an yi dace.

Na huɗu yana cikin zaurenku, Allah ya gafarta malam. Malaman da sukan rubuta haihuwar ɗa ko rasuwar shehinsu a bayan littafi ko a gefen takarda, wani lokaci da lamba, wani lokaci da ramzi. Ku kwance gafakokin da kuka gada ku duba, tun gara ba ta riga ku ba. In an sami shekarar Hijira ana son ta Miladiyya, ga hanya: a raba ta da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1363, in an raba ya ba da 41, in an cire saura 1322, in an ƙara 622 ya zama 1944, shekarar da Sarki Dikko ya rasu Sarki Usman Nagogo ya hau. Lissafin yakan saɓa da shekara ɗaya, gama shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11.

Inda babu rubutu sai a koma ga tsofaffi, musamman mata, don su suka fi riƙe wa ya sha nonon wa, wa ya girmi wa. Kada a ce da tsohuwa, wace shekara? A ce mata, Inna, wane sarki ke bisa gado? Kafin yunwar 1914 aka haifi mahaifinki ko bayanta? Kin yi aure kafin zuwan Sarauniya Kaduna a 1956? Kin haifi wane kafin canjin kuɗi na 1973? Sunaye ma suna ba da labari: Ɗanladi da Balarabe da Jummai sun faɗi rana, Azumi ta faɗi wata, Tanko ya nuna mata ne suka riga shi. Sai dai a lura da alkunya, gama uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, sai a tambayi wani. A kuma lura mutum ɗaya yakan fito Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, a makaranta kuwa an liƙa masa sunan garinsu.

Ku kuma fatake, danginku sun watsu. Wani yana Maraɗi, inda sarakunan Katsina na Haɓe suka koma bayan jihadi. Wani yana zangon Kumasi, ko ya dawo lokacin korar baƙi daga Gana a 1969. Wani ya tafi Hajji ta ƙasa ya zauna Sudan. A Nijar takardun haihuwa da Faransanci suke, kuma na tsofaffi da yawa cewa suke an haife shi wajen shekara kaza, watau kirdado ne. Tsohon fasfo, da takardar allurar Hajji, da wasiƙun ajami da littafin bashi na kanti, duka shaidu ne, kada a ba mai ƙosai ta ƙunsa ƙosai da su.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa, tun wajen 2019 'yan bindiga sun tada ƙauyuka da yawa a ƙasashen Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma. Mutane sun fita da rigar wuyansu, takardu sun ƙone, dattawan da suka san iyakar gona sun rasu a gudun hijira. Ran da marayu suka koma neman gonar ubansu, da me za su kafa hujja gaban alƙali?

Saboda haka kowane maigida ya sami littafi guda ya rubuta iyayensa da kakanninsa iyakar saninsa, ko da ajami ko da boko, ya rubuta wanda ya faɗa masa kowace magana, ya bar gurbi inda bai sani ba. A ɗauki hoton takardu da waya, a aika wa ɗan'uwa na wani gari ya ajiye. Limamai kuma, ran suna bayan an yi fatiha, ku tuna wa uban jariri ya je a rubuta ɗansa kafin a gama wankan jego. In an yi rasuwa a karɓi takardarta kafin rabon gado. Abin da muka wahala nema game da kakanninmu, kada mu bar wa jikokinmu irin wahalarsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu.