Tabon da ba a gani: Abin da finafinan warkar da zuciya ke faɗa wa matasan Gaya

A ƙarshen watan Yulin 2023 ne gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta daina ɗaukar manyan motocin da suka saba ratsa ta dare da rana. Ƙungiyar ECOWAS ce ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga watan, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, ɗaruruwan motocin kaya suka yi cirko-cirko a bakin kogi.

An janye takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta wajen Kamba ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai sun bar ɓangarensu na gadar a rufe bisa dalilan tsaro. Kafin rikicin, ta nan ne mafi yawan kayan da Nijar ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ke shigowa. Direbobi da yaran mota, 'yan dako, 'yan kabu-kabu, masu canji da matan da ke sayar da abinci a tasha, kowa da gadar yake ci. Da ta tsaya, kwale-kwale ya zama hanyar fatauci.

Asarar kuɗi ana iya lissafa ta. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne halin da zukata ke ciki: magidancin da jarinsa ya narke, matashin da aka koro daga Aljeriya ko Libiya hannu rabbana, iyalan da hare-haren 'yan bindiga a yankin gandun dajin W da iyakar Kebbi suka raba da barci, da waɗanda ambaliyar 2024 ta rusa wa gidaje. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya kiyasta cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa zuwa firgicin da ke biyo bayan tashin hankali.

Sai dai a ƙasar Dandi, kamar sauran ƙasar Hausa, irin wannan ciwo ba kasafai ake furta shi ba. An taso da mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Akwai kuwa jerin finafinai, ciki har da na 'yan Nijar, da suka bi mutanen da suka kasa faɗin abin da ke ransu da baki, suka faɗe shi da kyamara, da ganga, ko da yumɓu.

Tsohon sojan da ya mayar da yaƙinsa fim

A tarihin fim na Nijar ma akwai irin wannan labari. An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indochina, yankin da a yau ya ƙunshi Biyetnam da Kambodiya da Laos. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa Abijan, inda ya riƙa dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Kusa da ƙarshen fim ɗin an ga Ganda yana tafe a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙin, yana faɗuwa ƙasa, yana kwaikwayon harbi da jifa da gurneti. Jikinsa ne ke ba da labarin tun kafin bakinsa ya gama.

Bayan kimanin shekara goma ya ɗauki kyamara da kansa, ya shirya Cabascabo da harshen Zabarmanci, kuma shi ne ya fito a matsayin jarumin. Labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗin sallama, abokai suka yi masa caa, aka yi ta shagali yana ba su labarin fagen daga. Da aljihu ya bushe kowa ya watse, ya koma neman aikin lebura a inda ba wanda ya damu da igiyar da ya taɓa ɗaurawa. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara.

An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa a 1969, ya kuma sami lambar yabo a Mosko a shekarar. A 1972 wani fim ɗin nasa, Le Wazzou polygame, ya zama na farko da ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu.

Duk wanda ya taɓa tarbar ɗan'uwa daga Libiya, ko daga wuraren haƙar zinare na Djado, zai gane Cabascabo ba tare da an yi masa fassara ba. Makon farko ana tururuwar sannu da zuwa, wata na uku kuwa sai mutum ya rage shi kaɗai a ɗaki da abin da idonsa ya gani a hanya.

Matar da ta yi magana da mahaifiyarta ta kyamara

Kusan rabin ƙarni bayan haka, Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta taɓo wani ciwon da ake jin nauyin ambatarsa. Fim ɗinta na 2016, L'Arbre sans fruit, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, a kan rashin haihuwa ne, kuma da kanta ta fara. Tana da aure, ba ta haihu ba, mahaifiyarta kuma wajen haihuwa ta rasu tun Aïcha tana ƙarama. A tsawon fim ɗin da marigayiyar take magana, tana kai mata ƙarar halin da take ciki.

Daga nan ta zauna da wasu matan da ake yi wa gorin juya, suka buɗe cikinsu a gaban kyamara: habaicin dangin miji, zuwan kishiya, yawon asibiti da na masu magani, da mazan da ke ƙin zuwa gwaji. Fim ɗin ya lashe kyautar AMAA ta fim ɗin gaskiya mafi kyau a 2016.

A 2021 ta fito da Zinder, wanda ta ɗauka da Hausa a unguwar Kara-Kara, tsohuwar unguwar kutare, a cikin matasan da ake kira 'yan fale. Akwai masu ɗaga ƙarfe, akwai tsohon ɗan daba da ya koma kabu-kabu yana waiwayen ɓarnar da ya yi, akwai mai fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Najeriya, sana'ar da ba baƙuwa ba ce ga mutanen Gaya. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma yanke musu hukunci ba. Ta dai ba su wuri su faɗi yadda aka yi suka kai inda suke.

Ganga, rawa da yumɓu

A wasu ƙasashen ma an bi wannan hanya. Fim ɗin Sweet Dreams na 2012 ya bi ƙungiyar Ingoma Nshya, makaɗan ganga mata na farko a Ruwanda, wadda Odile Gakire Katese ta kafa shekara goma bayan kisan ƙare-dangin 1994 da ya ci rayuka kusan 800,000. A ƙungiyar akwai matan da aka kashe wa mazaje da iyaye, akwai kuma mata da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan. A al'adar ƙasar ganga ta maza ce. Waɗannan mata suka ɗauke ta, kuma kiɗan taro ba ya tashi sai kowa ya saurari na kusa da shi. Daga baya suka buɗe shagon sayar da askirim a garin Butare domin su sami abin dogaro.

War/Dance na 2007 kuwa yaran makarantar firamare ta sansanin 'yan gudun hijira na Patongo ya bi, a arewacin Yuganda, inda 'yan tawayen LRA suka daɗe suna sace yara. An ga yadda suke shirin gasar kiɗa da rawa ta ƙasa a Kampala, kuma a tsakanin atisaye suna ba da labarin abin da aka yi wa iyayensu. A dandalin gasar an kira su da sunan makarantarsu da rawar ƙabilarsu ta Acholi, maimakon sunan 'yan sansani da suka saba ji.

Daga yankin da aka kai Ganda yaƙi ne kuma Rithy Panh ya fito. Iyayensa sun mutu a mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 a Kambodiya. Da ya nemi hotunan wancan zamani sai ya tarar da na farfagandar gwamnati kawai. Shi ne ya sa aka sassaƙa ɗaruruwan 'yan mutum-mutumi na yumɓu, aka yi musu fenti, ya jera su ya sake gina gidansu da gonakin aikin tilas. Fim ɗin, The Missing Picture, ya ci kyauta a Cannes a 2013, ya kuma shiga jerin ƙarshe na Oscar.

Me ya sa abin ke aiki?

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa mummunan abin da ya sami mutum ba ya dawo masa a jere kamar labari. Gutsi-gutsi yake zuwa: mafarki, faɗuwar gaba idan an buga ƙofa, wani wari ko ƙarar babur da ke mayar da shi wurin nan take. Akwai hanyar jinya da aka gwada a sansanonin 'yan gudun hijira a Yuganda, inda ake taimaka wa mutum ya jera tarihin rayuwarsa daga haihuwa zuwa yau, har mummunan lamarin ya sami gurbinsa a matsayin abin da ya riga ya wuce.

Shirya fim ko waƙa ko zane yana da kama da haka. Dole ka zaɓi inda za ka fara da inda za ka tsaya, kuma wannan karon kai ke da iko da labarin. Ga shi kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne, yana fitar da mai ciwo daga ɗaki ya shiga cikin mutane. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tattara wallafe-wallafe fiye da 900, ya kammala da cewa ayyukan fasaha na da rawar takawa wajen kare lafiya da kuma jinya.

Inda gizo ke saƙar

Amma ba a ce ganga ta maye gurbin likita ba. Wanda ya daina barci, ko yake jin muryoyi, ko yake tunanin halaka kansa, ko ya koma ga tiramol domin ya manta, asibiti yake buƙata. Matsalar ita ce ƙwararrun sun yi nisa. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E, yana Yamai ne, tafiyar sa'o'i daga Gaya, a ɓangaren Najeriya kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.

Kyamara ma tana iya yin rauni. Zalika Souley, wadda ta fito a Cabascabo, ta sha tsangwama saboda mutane sun kasa bambanta ta da matan da take kwaikwaya a fim. Rahmatou Keïta ta ba da wannan labari a fim ɗinta Al'lèèssi, inda aka ga tauraruwar da ta yi tashe tana zaune cikin rashi a Yamai. A zamanin TikTok da WhatsApp hatsarin ya ninka. Hawayen da aka ɗauka yau a bayan tasha, gobe suna wayar surukai a Kamba da Kwatano. Duk wanda zai ɗauki labarin wani, wajibi ne ya nemi yardarsa, ya gaya masa inda za a nuna, ya kuma ba shi damar cewa a tsaya.

Abin da ke hannun matasa

Mutanen Nijar ba baƙin kallo ba ne. Finafinan Kano, waɗanda a nan aka fi sani da dandalin soyayya, sun shiga kusan kowane gida, shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 kuma ya taɓo batun shaye-shaye da na matasan da aka ja cikin tsattsauran ra'ayi. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta shafe shekaru tana kai majigi ƙauyukan Nijar da Benin, a kalla a fili, sannan a tattauna.

Wannan tattaunawar ta bayan kallo ita ce abin da kowace fada za ta iya yi ba tare da jiran tallafin wata ƙungiya ba. Majigi ƙarami, farin ƙyalle da butar shayi sun isa. Mutumin da ba zai taɓa cewa yana cikin damuwa ba, yana iya cewa Cabascabo ya ba shi tausayi, daga nan magana ta buɗe. 'Yan Gaya da ke Legas, Kwatano, Akra ko Turai, waɗanda ke aiko da kuɗin shinkafa da na magani duk wata, za su iya haɗa kuɗin irin wannan majigi a zama ɗaya.

Wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu a yau ta fi kayan da Ganda ya yi aiki da su sauƙin sarrafawa. Labarai kuwa ga su nan jibge: masu fito da kwale-kwale, direban da motarsa ta yi watanni a Malanbil, matan da ke dafa gishiri a Fogha, wanda ya dawo daga hamada bai gaya wa ko mahaifiyarsa abin da ya gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Oumarou Ganda ya rasu a ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45. Babbar cibiyar al'adu ta Yamai tana ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko. Har yau ƙofar wannan kyauta a buɗe take ga duk matashin Dandi da ya shirya ba da nasa labarin.