Kindirmo Da Masu Ciwon Daji: Abin Da Ya Kamata Masu Jinya Su Sani

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a unguwar Barnawa da ke kudancin kogin Kaduna ya san cewa wahala ba a ƙofar asibiti take ƙarewa ba. Akan ɗauki majinyaci tun da asuba a ƙetare gada, a miƙi hanyar Zariya har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a yi masa ƙarin ruwan maganin nan da ake kira kemo, ko kuwa a yi masa gashi, sa'an nan a komo gida. Bayan 'yan kwanaki sai ciki ya ɓaci, ga tashin zuciya, ga zawo, wani lokaci har da gyambo a baki wanda ke hana haɗiyar tuwo. A nan ne 'yan dubiya kan fara kawo shawara, kuma wadda aka fi ji a 'yan shekarun nan ita ce a riƙa ba shi kindirmo, ko yogot na kanti, wai akwai waɗansu ƙwayoyi masu rai a ciki da ke gyara hanji.

Maganar ba ta tsaya kan gidaje ƙalilan ba. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 127,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kuma na mama shi ne kan gaba. Don haka ya dace a duba shawarar 'yan dubiya da idon basira.

Da farko, me ke ɓata cikin? Magungunan kemo an yi su ne don su halaka ƙwayoyin jiki masu saurin yaɗuwa, to amma fatar da ta shimfiɗe cikin hanji ita ma tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, saboda haka maganin ba ya ƙyale ta. Haka gashi yake yi idan an auna shi a mara, kamar yadda ake yi wa mata masu ciwon bakin mahaifa. Hanjin da ya ji rauni ba ya tsotse ruwa yadda ya kamata, kuma ɗimbin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikinsa sukan ragu. Dabarar masu cewa a sha kindirmo ita ce a mayar wa hanji da irin waɗannan ƙwayoyi ta baki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1905 wani ɗalibin likita ɗan ƙasar Bulgariya, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar da ke sa madara ta yi tsami ta daskare, watau wadda ake kira laktobasilas. A 1907 kuma masanin nan ɗan Rasha da ke aiki a Faransa, Elie Metchnikoff, ya rubuta cewa tsawon ran manoman Bulgariya yana da nasaba da nono mai tsami da suke sha. Matan Fulani da ke shigowa Barnawa da ƙwarya a ka ba su karanta littafinsa ba, amma aikin da suke yi shi ne dai: a tafasa madara, a bari ta huce, a zuba ɗan ragowar kindirmon jiya, a rufe ya kwana.

To, me gwaji ya nuna a kan masu ciwon daji? A 2007 likitoci a ƙasar Finlan sun gwada wani nau'in laktobasilas a kan mutum 150 masu ciwon babban hanji da ake yi wa kemo. Cikin waɗanda aka bai wa, kashi 22 cikin ɗari ne suka yi zawo mai tsanani, alhali cikin waɗanda ba a bai wa ba kashi 37 ne. A wannan shekarar wani gwaji a Italiya kan mutum wajen 490 da ake yi wa gashi ya ba da sakamako mai kama da haka. Amma fa sai mai karatu ya lura: abin da aka ba waɗannan mutane ƙwaya ce ko gari da aka auna a ɗakin bincike, ba kindirmo ba. Da aka gwada yogot na sha sosai a ƙasar Sifen, a kan mata 85 da ake yi wa gashi a mara, rahoton da ya fito a 2008 bai nuna raguwar zawo ta a-zo-a-gani ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 12, ta ce akwai alamar amfani amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba.

A ganina wannan ya isa ya sa masu tallar yogot su rage murya. Ba wani bincike da ya nuna cewa kindirmo yana warkar da ciwon daji, ko yana iya maye gurbin maganin zawo da likita ya rubuta. Bilhasali ma, wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 kan masu ciwon daji na fata da ke karɓar sabon maganin da ke zaburar da garkuwar jiki bai ga wata riba ga masu haɗiyar ƙwayoyin gyaran hanji na kanti ba. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu cin abinci mai ɗusa, irin su wake da ganye da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba.

Duk da haka kindirmo yana da nasa amfanin, kuma ba ƙarami ba ne. Majinyacin da bakinsa ya yi gyambo yakan iya haɗiye abu mai sanyi da laushi a lokacin da ba ya iya tauna nama, kuma a ciki akwai sinadarin gina jiki da yake matuƙar bukata don kada ya rame. Har ila yau, tsamin da madara ke yi yana rage sukarin da ke cikinta, wanda shi ne ke kumbura wa mutane da yawa ciki idan sun sha madara zalla. Kemo yakan ƙara wannan rashin jituwa na ɗan lokaci, don haka wanda madara ta gagara yana iya jure kindirmo kaɗan kaɗan.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsabta. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye na kemo, fararen ƙwayoyin jini da ke kare jiki sukan yi ƙasa ainun, har cutar da mai lafiya zai shanye ba tare da ya sani ba tana iya kwantar da majinyaci. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale. Wanda aka tafasa ma, idan aka tsinka shi da ruwan da ba a san asalinsa ba, ko ya yini a rana ana sa ludayi ana cirewa, ya tashi daga abin da za a miƙa wa irin wannan majinyaci. Wannan ba zargi ba ne ga masu tallar nono, waɗanda suka daɗe suna ciyar da garin nan. Magana ce ta jikin da garkuwarsa ta faɗi.

Na kanti ma ba a rufe ido a saya. Kantunan Barnawa cike suke da robobin yogot, amma waɗansu an sake dafa su bayan sun yi tsami don su daɗe a kan kanta, ka ga kuwa babu sauran ƙwaya mai rai a ciki. Waɗansu kuma sukari ya yi musu yawa, shi kuwa sukari mai yawa ƙara zawo yake yi. Sai a duba lambar Hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma tambayi mai kanti ko firjinsa ya kwana da sanyi, tun da kowa ya san halin wutar lantarki. Robar da ta kumbura a bar masa abinsa.

Uwargidan da ke son ta haɗa da hannunta sai ta tafasa madara sosai, ta bari ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, ta zuba cokali biyu na yogot marar sukari daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, ta rufe a kwano mai tsabta na awa shida zuwa takwas, sa'an nan ta sa a firji a shanye cikin kwana biyu. Kafin a fara, a gaya wa likita ko ma'aikaciyar jinya a ranar da aka je awon jini, domin su ne suka san ko fararen ƙwayoyin sun yi ƙasa. Ƙwayoyin gyaran hanji na kemis kuwa, kada a haɗiye su sai da izninsu.

Idan zawo ya kama, a fara da ruwan gishiri da sukari na leda. In ya wuce sau huɗu a rana fiye da yadda majinyaci ya saba, ko aka ga jini, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ko amai ya hana ruwa zama, to kada a jira ranar komawa Shika, a kai shi asibiti mafi kusa a daren, tare da katinsa mai nuna ranar da aka yi masa kemo na ƙarshe.