Bayani A Kan Neman Cutar Lantarki A Jikin Tsohuwar Tarakta

 Ku sani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya kafu a Kadawa da Kura da Bunkure, har mu mutanen Madobi muka sami rabo. To, da yawa cikin taraktocin da ke hannun jama'a tsofaffi ne. Ranar da ɗaya ta ƙi tashi, ga lokacin shukar alkama yana wucewa, sai mai ita ya ruɗe, ya sayi kayan tsada, alhali cutar ƙarama ce.

Wutar lantarki misalinta ruwan kwata ne. In ruwa bai iso gona ba, mai hankali ba ya cewa Tiga ta ƙafe. Bin kwata yake yi daki-daki, har ya iske inda ta toshe. Haka ake bin wuta.

Na farko, batir. A gwada shi da mita. Mai bolt 12 in ya cika yana nuna 12.6, in ya sauka zuwa 12, ya yi rauni ƙwarai. A duba ruwansa. In ya ragu a ƙara tataccen ruwa, ban da na rijiya, ban da asid.

Na biyu, kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta kamar yadda ciyawa ke tare kwata. A kwance, a wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir, a kankare, a ɗaure tam. A duba kuma wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin tarakta, gama ta nan wuta ke komawa.

Na uku, a kunna fitila, sa'an nan a murɗa makulli. In haskenta ya dushe sosai, galibi laifin batir ne ko kawunansa. In bai motsa ba, inji kuma shiru, a nemi cutar a fiyus ko makulli ko wayar da ke zuwa kik. Fiyus in ya ƙone a sa irinsa. Wanda ya ɗaura waya a gurbinsa ya gayyato gobara.

Na huɗu, in ta tashi a sake gwadawa. Mita ta nuna kusan 14. In ba haka ba, ba ta caji, gobe ma za ta kwanta.

Akwai wata ƙaramar tarakta ta lambu, Elec-Trak, wadda kamfanin General Electric na Amurka ya yi a farkon shekarun 1970. Ba ta shan mai ko kaɗan. Batir shida ne, kowane bolt 6, a jere, jimla 36. Darasinta shi ne, in ɗaya ya mutu dukansu sun raunana, don haka ɗaya-ɗaya ake gwada su, kuma lokacin da suke jan aiki, gama mataccen batir yakan nuna lafiya in yana hutawa. Masu jera batura don sola su riƙe wannan.

Gargaɗi: a cire zoben azurfa da agogo kafin a taɓa batir. A fara kwance kan da ke da alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshen ɗaurewa. Kada a kawo wuta ko taba kusa, domin iskar da batir ke fitarwa tana kamawa.

Kai kuwa attajiri, kada ka biya kuɗin tsohuwar tarakta sai ka ga ta tashi da sassafe da kanta, ba da turi ba. Rigakafi ya fi magani.